Katin Ƙanƙara a Tagar Irena

Mai sayar da kifi ba ta faɗa da mai ƙanƙara, ko da halinsa bai yi mata ba. Ni kuwa kifi nake sayarwa a kwanar Titin Hulbert, gangaren masana'antar ƙarfe, inda in kika yi shanya fara tas da safe sai ki kwashe ta toka-toka da yamma. Sunana Pelagia Sroka. Unguwa Pani Sroka take ce mini, don a harshen iyayenmu Pani ake ce wa uwargida, Pan kuma maigida, waɗanda na goya kuma su ce Goggo Pela. Tun maigidana yana da rai, Allah ya jiƙansa, Teofil Gurak ne yake kawo mana ƙanƙara, kuma ban taɓa zubar da kifi saboda ya makara ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne, don abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne.

Teofil gajere ne kakkaura, kafaɗarsa ta dama ta sauka saboda hawan bene da kaya. Ba fara'a, ba hira. In kika ce masa an yi zafi yau, sai ya ɗaga kai ya duba sama tukuna, wai kada ki cuce shi. Dokinsa Siwek, wani tsoho mai ruwan toka, shi ma halin ke nan, mutum da dabbarsa sun yi kama har a tafiya.

Kowane gida da katinsa mai lamba a gefe huɗu. Mace ta tashi da safe ta leƙa akwatin ƙanƙararta da take sanyaya abinci a ciki, ta juya lambar nauyin ƙanƙarar da take so sama, ta jingina katin a taga. Teofil daga kan keken doki zai ɗaga kai ya gani, ya sare daidai, ya cafke da babban awartakinsa, ya saɓa a kan fatar da yake shimfiɗawa a kafaɗarsa, ya hau. Ya san hanyar kicin ɗin kowa, ba a yi masa jagora. Siwek kuwa ba a ja masa linzami. Ya san ƙofar kowane mai kati, da kansa yake tsayawa, kuma ba zai ɗaga kofato ba sai ya ji nauyin Teofil ya sauka daga keken ya kuma dawo.

Sai aka gama yaƙin Koriya, masana'anta tana aiki ba hutu, maza suka ɗan samu abin hannu. Wani Mista Lindell ya buɗe shagon kayan lantarki a babban titi, ya jera firiji farare a bayan gilashi, mata suna tsayawa kallo a hanyarsu ta dawowa daga coci. Zamani riga ne, ba na ganin laifin kowa. Wa ke son zubar da kaskon ruwan narkewa safe da yamma, in ta manta ta tarar da kicin ya zama tafki? Katuna suka fara ɓacewa daga tagogi ɗaya bayan ɗaya, kamar haƙoran tsohuwa.

To, doki bai san firiji ba. Siwek zai zo ƙofar gidan da aka daina saye ya ja ya tsaya, matar gidan ta laɓe bayan labule, Teofil kuma dole ya sauko, in ba haka ba a nan za su wuni. Sai ya zagaya ya ɗaga ƙafar dokin yana dubawa, ya koma ya hau.

"Pan Teofil," na ce masa wata rana yana zuba mini ƙanƙara a kan tebur, "kofaton nan kullum sai a ƙofar gidan Mazur yake ciwo?"

"Tsufa ne, Pani."

"Tsufan wa? Naka ko nasa?"

"Ki kula da kifinki," ya ce. "Wancan na gefe ya fara hararata."

Akwai wani aiki da ya ɗora wa kansa a shekarar, ba wanda ya sa shi. Tsofaffin akwatunan nan katako ne mai kauri da kwano a ciki, marfin kuma da sakata mai kama kanta. Ki tura ta ce ƙaras, daga ciki ba abin kamawa, iska ma ba ta samun hanya. Jarida ta kawo labarin wasu yara biyu a wani gari da suka shiga irinsa a juji, ba su fito da rai ba. Tun daga ranar Teofil yake yawo da sukundireba a aljihun gaba. Duk akwatin da aka jefar a lungu, zai tsaya ya kwance marfin ya jingina gefe. Har bayan shagon Lindell yake zuwa, inda ake tara waɗanda aka karɓo daga gidaje, ya bi su ɗaya-ɗaya, yaran shagon suna yi masa dariya. Akwatunan da ya shekara da shekaru yana cikawa da hannunsa ne, ya san na wane da na wance daga nesa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma ranar da ya kwance marfi ba ya tanka mini ko na tsokane shi.

'Yarsa ɗaya ce, Irena, kuma ni na riƙe ta a hannu ranar baftismarta. Uwarta Aniela ta rasu tun Irena tana budurwa. Irena ta auri Roman Dudek mai aiki a wurin narka ƙarfe, suna zaune a hawa na biyu na gidan da ke kallon shagona, da 'yarsu Tereza da ba ta isa shiga makaranta ba. Yarinya ce mai baki, kuma ita kaɗai ce a duniya take sa Teofil dariya. Akwatin da ke kicin ɗinsu na Aniela ne, Teofil ya ba Irena ranar aurenta. A gefen marfin akwai tabon ƙuna inda marigayiyar ta taɓa jingina dutsen guga, duk wanda ya san gidan ya san tabon nan.

Wata Laraba a farkon bazara, daidai lokacin da Teofil yake ƙetaren kogi, na zagaya lungun bayan gidansu Irena zubar da ƙayar kifi sai na ga motar Lindell. Ba ta ƙofar gaba suka zo ba. Ƙarti biyu suna cicciɓar wani abu dogo an lulluɓe shi da bargo, Roman yana gaba yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Na koma shago na ci gaba da aikina. Ba a jima ba sai ga Irena ta shigo, ta tsaya tana taɓa kifin da ba saye za ta yi ba.

"Goggo, kin gani ko?"

"Idona biyu. Bargon kuma naki ne, ni na saƙa."

"Roman ne ya matsa. Madarar yarinya tana tsami kafin la'asar. Kuma duk abokan aikinsa sun saya, shi kaɗai ake yi wa tsiya wai ya auri ƙanƙara."

"To sai ki faɗa wa ubanki. Ba yaro ba ne."

Sai idonta ya kawo ruwa. "Ba ki gan shi ba ne ranar da Pani Mazur ta cire katinta. Ya zo gidana ya zauna, ko shayi ya kasa sha. Ya ce mini, 'Kowa ya tafi, Irena, ba komai, ina da ke.' Ta ina zan fara? Goggo, don Allah kada ki faɗa masa."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, 'yar nan. Mutumin da ke shiga kicin ɗinki kullum za ki ɓoye wa abu mai tsayin mutum?"

"Ba zai shiga ba. Na san yadda zan yi."

Ta kuwa san yadda za ta yi. Kati bai bar tagarta ba, hamsin a sama kullum. Teofil zai hau da ƙanƙara a kafaɗa, sai ta tarye shi a kan matakala da guga da tsumma. Yau ta ce yanzu ta goge ƙasa, Baba ajiye a nan. Gobe ta ce Roman yana barci, ya yi aikin dare. Jibi fenti aka yi. Ya ajiye a cikin baho ya sauko, ita kuma ta ja bahon zuwa banɗaki, ƙanƙarar ta narke a banza. Ranar Lahadi kuwa maimakon ya zo cin abinci wurinsu kamar yadda aka saba, sai su kwashi tukunya su tafi ɗakinsa da ke bayan bargar doki, wai don kada ya wahala da bene. Mutumin da sana'arsa hawan bene ce! Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi, don na ga yadda take ramewa a kan ƙaryar.

Yara kuwa ba su da ɓoyo. Duk inda keken ya tsaya sukan yanyame shi suna jiran ɓarɓashi, Teofil ya sassare musu yana tsaki. Wata safiya yana ƙofar shagona sai ga Tereza ta ƙetaro titi da gudu, kumatunta a kumbure. Ya miƙa mata ɓallin da ya fi kowanne kyau, ta girgiza kai, ta tofo abin da ke bakinta a tafin hannu ta nuna masa.

"Kaka, dubi tawa. Tamu ta fi taka kyau, duk girmansu ɗaya."

'Yar ƙanƙara ce mai kusurwa huɗu, sumul, irin wadda ba awartakin da ya taɓa taɓawa. Teofil ya daɗe yana kallon tafin hannun yarinyar har ruwa ya fara ɗiga ta tsakanin yatsunta.

"Lalle ta yi kyau," ya ce. "Maza mayar baki kafin ta ƙare."

Da ta tafi ya shigo ya ci gaba da fasa mini ƙanƙara, ya fasa har ya wuce abin da nake bukata. Na ce, "Pan Teofil." Bai ɗago ba.

"Tun makon farko na sani," ya ce. "Firijin yana gurnani, ana ji daga matakala."

"To me ya hana ka yi mata magana? Ku huta ku duka."

"In na yi magana za ta cire katin." Ya share hannunsa a jikin wando. "Muddin yana taga, ina da dalilin hawa. Kada ki ce mata na sani, Pani. Za ta ji kunya."

Kun ji fa. 'Ya ta ce kada in faɗa wa uba, uba ya ce kada in faɗa wa 'ya. Na ce masa su biyun jakuna ne, kuma jakin ma ya fi su, shi ko ba komai yana kuka a ji. Ya ɗauki awartakinsa ya fita. Da yamma na tare Irena na ce mata tsohon nan ba makaho ba ne. Ta toshe kunne ta ce in da ya sani da ta gani a fuskarsa, ita ta fi kowa sanin ubanta. Haka aka ci gaba, shi yana hawa da ƙanƙarar da ya san narkewa za ta yi, ita tana karɓa da hannu biyu tana godiya.

Ranar da abin ya faru cikin watan Agusta ne, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Juma'a ce, ranar da duk unguwa ke cin kifi, ban samu na zauna ba tun safe. Bayan cin abincin rana yaran layi suka taru suna wasan ɓuya, ina jin ihunsu ta ƙofa. Can sai ihun ya lafa, kowa ya tafi gida shan ruwa. Rana ta fara karkata lokacin da na ji Irena tana kira daga taga, kiran uwa na yau da kullum. Ta sake kira. A na ukun muryar ta canja, na ajiye wuƙa na fito.

Aka tambayi yaran, suka ce an nemo kowa ban da Tereza, da suka gaji sai suka ɗauka ta gudu gida. Mata suka fito da tsummokan hannu a kafaɗa. Aka duba ƙarƙashin baranda, aka duba shagon alewa, aka leƙa coci ko ta shiga neman sanyi. Wani ya ruga masana'anta ya kirawo Roman, ya zo da baƙin aiki a fuskarsa. Mai aski da mahauci suka rufe shaguna suka nufi layin dogo, wasu suka gangara bakin kogi. Ɗan sandan unguwa ya zo yana tambayar launin rigarta.

Ana cikin haka Siwek ya shawo kwana, keken ya kusa zama wayam, ruwa yana ɗiga a ƙarƙashinsa. Ya tsaya a ƙofar gidan Irena kamar kullum. Teofil ya ga taron, ya diro, aka faɗa masa. Bai tambayi launin riga ba. Ya juya ya bi lungun baya da sauri irin wanda ban san yana da shi ba, yana leƙa duk akwatin da aka jefar, alhali shi da kansa ya kwance marafensu. Ya dawo yana haki, ya tsaya gaban 'yarsa a tsakiyar titi.

"Irena, ina akwatin uwarki?"

Ina tsaye kusa da su, na ga fuskarta. Ko a wannan lokacin, da 'yarta a ɓace, abin da ya fara zuwa bakinta shi ne abin da ta saba faɗa duk bazarar nan.

"Yana kicin mana, Baba."

"Na san abin da ke kicin ɗinki. Tun tuni na sani. Ina kika kai tsohon?"

Ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka motar Lindell ce ta tafi da shi, haka ake yi wa kowa. Roman ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba mu ba su ba. Irena ta ce in suka kai shi tarin bayan shago za ka gane shi da tabon. Yana ɗakin kwal na ƙarƙashin gida, mun rufe shi da buhuna."

"Da marfinsa?" in ji Teofil.

Ya juya ya nufi ɗakin kwal ɗin.

An riga an leƙa ɗakin kwal ɗin tun farkon nema, wata mata ta tsaya a bakin ƙofa ta kira suna, ta ga duhu da tarin buhuna ta juya. Da zafi ba mai shiga can, kwal sai hunturu. Yanzu muka sauka, Teofil a gaba, Roman a bayansa, ni da Irena a ƙarshe ina riƙe da damtsenta. Buhunan an janye su gefe ɗaya, an kuma ajiye shantayen ƙarfen cikin akwatin, waɗanda ake ɗora abinci a kai, a ƙasa, a jere, yadda yarinya mai tsabta za ta yi. Teofil ya durƙusa ya ɗaga sakatar da yatsa ɗaya. Abin da take bukata ke nan, yatsa ɗaya daga waje.

Tereza tana ciki, ba zan faɗi yadda take ba. Ya ɗauko ta ya fito da ita sarari, ya kwantar a kan ciyawar bayan gida, ɗan sandan ya yi ta danna mata baya yana ɗaga hannuwanta yadda aka koya musu. Teofil ya ruga keke ya kwaso guntun ƙanƙarar da ta rage yana goga mata a goshi da wuya, yana kiran sunanta a hankali. Likita ya zo ya duba, ya cire hularsa. Irena ba ta yi kuka a wurin ba. Ta zauna a ƙasa tana kallon ubanta, sai ta ce, "Ka sani?" Ya ce, "Na sani." Ta ce, "Da ka faɗa mini." Ya ce, "Na je tarin Lindell neman akwatin, ban gan shi ba. Na yi niyyar tambayarki. Sai na ce in na tambaya..."

Aka yi jana'iza, coci ya cika har waje, masana'anta ta aiko da furanni. Mutane kuwa ba sa rasa abin faɗa. Wasu suka ce laifin Roman ne da son burga, wasu suka ce na Irena, wasu ma har da Lindell. Wata ta zo shagona tana cewa ai da tsohon ya ajiye sana'ar tun tuni da duk haka ba ta faru ba. Na karɓe kifin daga hannunta na ce ta je ta saya a wani wuri, kuma har yau ba ma gaisawa. Raina ya ɓaci da kowa a makon nan, har da mamaciyar Aniela da ta jingina dutsen guga a inda bai kamata ba.

Bayan an share makoki na ji tafiyar Siwek da safe, na fito da niyyar karɓar ƙanƙara. Keken wayam, ba ko buhu. Teofil ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ce in yi haƙuri, ya yi wa wani mai mota magana zai riƙa kawo mini daga yau. Sannan ya wuce gidan farko da ke da kati a taga, ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba, abin da bai taɓa yi ba. Matar gidan, Pani Cebula, ta buɗe.

"Pani, ba ƙanƙara na kawo ba. Tambaya ce. Kina da firiji?"

Ta fara cewa wane irin firiji kuma, Pan Teofil, sai ta ga sukundireba a hannunsa. Ta sa gefen riga ta rufe baki.

"Tun bikin Ista," ta ce. "Ba mu so ka ji ba daɗi."

"Ina tsohon?"

"Yana ɗakin ajiya na sama."

Ya shiga, ya fito da marfi a kafaɗarsa ta dama, ya ɗora a keke. Kafin ya hau ta riga ta cire katin daga taga.

Na bar shago a buɗe na tsaya a bakin titi ina kallo, don ƙafata ta ƙi komawa ciki. Gida bayan gida yake bi, waɗanda har kwanan nan suke juya masa lamba da safe. Ashe ba Irena kaɗai ba ce. Wannan ta ɓoye nata a bayan kejin kaji, wancan ya tura nasa ƙarƙashin matakala, matar mai aski ta mayar da nata ma'ajiyar takalman hunturu a ɗakin da jikokinta suke wasa. Duk da marafensu, duk da sakatunsu lafiya lau. Kowa ya ji nauyin ya jefar a lungu inda Teofil zai gani, kowa ya ci gaba da sayen ɗan abin da zai narke a baho saboda tsohon ya yi wa uwarsa hidima, ya yi wa kakarsa. Unguwa guda tana tausayin mutum ɗaya a ɓoye, kowane gida yana zaton shi kaɗai ne mai kirkin. Wallahi na ji kunyarmu, na kuma ji tsoro, don na san yaran da ke gidajen nan da sunayensu.

Akwai 'yan tsiraru da har yanzu akwatin suke amfani da shi da gaske, tsofaffi da marasa hali. Su ma ya faɗa musu mai mota zai zo. Bai ɗaga wa kowa murya ba. In mace ta fara kuka tana ba shi haƙuri, sai ya ce ba komai Pani, nuna mini wurin kawai. Kafin rana ta yi tsaka keken ya cika da marafe, an jera su a tsaye suna gogar juna, tagogin Titin Hulbert kuma duk sun koma labule zalla.

Taga ɗaya ce ta rage. Irena da Roman sun tafi wurin 'yan'uwansa a ƙauye tun ranar jana'iza, sun kulle gidan yadda yake, ba wanda ya tuna da kati. Yana nan a jingine, hamsin a sama, rana ta fara cinye jan launinsa.

A kan hanyar komawa barga Siwek ya zo daidai ƙofar ya tsaya. Teofil ya kaɗa linzami. Dokin bai motsa ba. Ya yi masa tsaki, ya kira sunansa, ya ɗan buga masa linzamin a gadon baya, Siwek ya kaɗa kunne kawai yana jiran abin da aka saba. Na ga Teofil ya ɗaga kai sau ɗaya ya dubi tagar, sai ya sunkuyar. Ba kofaton da zai duba yau, kuma ba abin da zai hau da shi. Ya zauna a nan hannuwansa a kan gwiwa, motoci suna zagaye shi suna danna ham.

Na ƙetara titi da warin kifi a hannuna, na kama dokin ta baki na ja. Ya turje mini, tsohon banza, sai da na sa ƙarfi.

"Bar shi, Pani," in ji Teofil. "Ba zai tafi ba sai na sauka."

Ya sauko a hankali. Ya taka har bakin ƙofar, ya tsaya gabanta gwargwadon lokacin da mutum zai hau bene ya ajiye kaya ya sauko, fuskarsa na kallon katako. Sannan ya dawo ya hau, keken ya ɗan lotsa da nauyinsa, Siwek ya ja suka tafi.